Ɗakin da Jar Saniya Ta Kama Mini a Kwatano

Shekarun baya ne, baya ƙwarai, tun gashin kaina yana baƙi kuma ina ganin babu wanda ya kai ni wayo tsakanin Gidan Rumji da Maradi. Abin da ya tuno mini da labarin, jiya wata 'yar ƙanwata ta zauna tana ta latsa waya, tana neman ɗaki mai sauƙi a garin da za ta je koyon aiki, tana tsaki. Na ce mata ni ma na taɓa irin wannan nema, sai dai ni saniya ce ta kama mini ɗaki. Ta yi dariya, ta ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ni. Shi ya sa na ce bari in rubuta muku shi a nan yadda ya faru.

A shekarar farin nan na biyu ne, wanda aka rufe iyakar Najeriya a cikinsa. Ina shekarar ƙarshe a lakol, makarantar koyon kula da lafiyar dabbobi, sai aka ce kowane ɗalibi sai ya yi sitaj, wato aikin koyo na wata uku, kafin a ba shi difloma. Ni aka tura ni babbar mayankar dabbobi ta Kwatano, a ƙasar Benin, in koyi duba nama. Lakol ta ba ni takarda da kuɗin mota da ɗan abin da zan ci. Maganar wurin kwana kuwa, mushenmu, wato malaminmu, ya ce kowa ya san yadda zai yi.

Ni ban damu ba, domin na riga na ga ɗakina. A buron daraktanmu, wato ofishinsa, akwai wata tsohuwar kalanda mai hoton gidan sama fari fat a bakin teku, da itatuwan kwakwa a gabansa. Duk lokacin da aka kira ni buron, ko don faɗa ne, idona yana kan wata taga ta hawa na biyu. Na daɗe da ɗaukar ta tawa. Mutumin da ya tashi yana jan guga gaba ashirin kafin ya ga ruwa, aka nuna masa ruwan da ba shi da ƙarshe, ai dole ya yi mafarki da rana tsaka.

Kafin in tafi na biya gida, rugarmu da ke yamma da Gidan Rumji. Na tarar gulbi ya bushe ƙurmus, gero bai kai gwiwa ba ya ƙone a gona, ungulu sun ƙoshi har sun daina tashi in an matso. Garken mahaifina ya kusa ƙarewa. Wasu sun mutu, wasu ya sayar a kan abin da bai kai kuɗin akuya ba, kuma da shi aka cika mini guzuri. Na sani sarai in ban dawo da difloma ba, gidanmu ba shi da wata madafa.

Akwai wata tsohuwar jar saniya da ko kusa ba ya bari a yi maganar sayar da ita. Da hannunsa yake kakkaɓo mata 'ya'yan gawo, har bunun ɗakinsa ya zare ya ba ta. Ba tasa ba ce, habbanaye ce. Ga wanda bai sani ba, habbanaye al'adarmu ce ta makiyaya: mutum ya ba abokinsa karsana ya riƙe, ya sha nono, sai ta haihu sau uku, 'ya'yan su zama na mai riƙo, uwar ta koma wa mai ita. Wani aminin mahaifina da muke ce wa Baffa ne ya ba shi ita tun ina ƙarami. Da farin farko ya zo, shekara goma da 'yan kai kafin wannan, sai ya share garken aminin nan kakaf. A lokacin jar saniya haihuwa biyu ta yi, saura ɗaya. Mahaifina ya ce ya zo ya ɗauki abarsa, ya ƙi, ya ce lokacinta bai yi ba. Ya rataya sandarsa ya yi kudu, daga baya aka ji yana Kwatano. Tun daga nan mahaifina yake jiran sa.

Da safiyar da zan tafi, mahaifina ya fito da wata igiyar fata da ta yi baƙi don tsufa, wadda aka jawo saniyar da ita ranar da aka kawo ta.

"In ka isa, ka tahi kara inda ake saida shanu, ka tambayi Baffanka," in ji shi. "Ka ba shi wagga igiya, ka ce mishi saniyatai tana nan da rai. Shi za ya sauke ka."

Na ce, "Baba, birni ne fa. Can da takarda ake neman ɗaki."

Ya ce, "To, tahi da su duka biyu. Igiya ba ta da nauyi."

Na karɓa don kada in saɓa masa, na cusa ta can ƙasan jaka, ƙarƙashin takalmana. Takardar lakol kuwa a aljihun gaba na sa ta, kusa da zuciya.

Tafiyar nan har yau kamar a barci nake ganin ta. Daga Gaya muka haye kogi, ƙasa ta fara sauya launi a hankali, daga ja ta koma toka, daga toka ta koma kore. A Paraku na shiga jirgin ƙasa karon farko a rayuwata. Na manne da taga ina kallon ciyawa ta fi mutum tsawo, babu saniya ko ɗaya a cikinta, ina ta zuba garken mahaifina a ciki da idona. Da muka kusa Kwatano aka kece da ruwan sama. Kowa ya rufe taga, ni na miƙa hannuna waje har wata mata ta yi mini faɗa da yaren da ban ji ba.

Na sauka a unguwar Zango, limamin wani ƙaramin masallaci ya ba ni tabarma a zaure, ya ce baƙo yana da kwana uku. Washegari na kai takardata mayanka. Shugaban masu duba nama mutum ne mai kirki, amma ya gaya mini gaskiya: aiki tun asuba ake fara shi, dole in zauna kusa, kuma suna buƙatar sanin inda nake kwana. Ya ba ni zuwa Litinin. In ban samu ba, akwai wani ɗalibi da ke jiran gurbin.

Nan na fara yawo, da wandona mai kari da Faransancina na littafi. Ni a zatona yadda ake yi a gida haka ake yi ko'ina: ka yi sallama, a ba ka ruwa, a tambayi mutanen gida, sannan a zo kan magana. A Kwatano tun daga bakin ƙofa ake tambayar ka wata nawa za ka biya gaba ɗaya. Da na ce wata uku kawai zan yi, sai a dube ni kamar na zo aron tukunya ranar biki. Wani dillali ya yini yana zagayawa da ni. Ya nuna mini wani ɗaki a bakin kwata, sauro na tashi a ciki da rana, mutum biyar ke kwana, ni ne na shida. Wata mai gida kuma na zaro mata takardar lakol da hatiminta, ta karanta tsaf, ta ninke, ta miƙo mini, ta ce takarda ce mai kyau, Allah ya ba da sa'a. Wanda na iya biya ya yi nisa da mayanka, wanda ke kusa ya fi ƙarfina.

Kwana uku suka cika. Liman bai kore ni ba, amma na ga an kawo wasu baƙin an rasa inda za a shimfiɗa musu. Ranar Asabar da hantsi na zauna a zaure na zazzage jakata, ba don ina neman wani abu ba, don dai in ga iyakar abin da na mallaka. Igiya ta faɗo daga cikin takalmi. Na daɗe ina kallon ta, kunya ta kama ni, ga tsoro, domin na fara hango kaina ina sauka daga mota a Gidan Rumji hannu wofi.

A kara ban sha wuya ba. Ina faɗin sunansa da na rugarmu, wani tsohon mai koren shanu ya ce ai mai gadi ne a wani gini da ba a ƙarasa ba, can bakin teku, bayan mayanka kaɗan. Na bi kwatance har na iso. Gidan sama ne hawa uku, bulo tsirara, babu ƙofa babu taga, ƙarafa sun yi cirko-cirko a samansa. A gindinsa wani dogon tsoho siriri yana zaune a kan buhun siminti da ya daskare, yana gyaran butar shayi.

Na yi sallama da Fulatanci. Ya ɗago a hankali ya amsa, ya ba ni ruwa, ya tambayi hanya, ya tambayi gajiya, bai tambaye ni ko ni wane ne ba. Ku ji wautata, ko a nan ma takardar na fara zarowa. Ya dube ta a juye, ya mayar mini da ladabi. Sannan na fito da igiyar.

Bai karɓa nan da nan ba. Ya goge hannunsa a riga tukuna, ya ɗauke ta da hannu biyu, ya bi tufkar da yatsa har ya kai wani ƙulli, ya kai ta hancinsa. Da ya yi magana, da Hausarmu ta Gobir ya yi, wataƙila don ya ga Fulatancina na lakol ya soma tsami.

"Kai ɗan wane na. Tana da rai?"

Na ce, "Tana da rai, Baffa. Baba ya ce in gaya maka."

Ya gyaɗa kai, ya tashi ya ɗauki tsintsiya ya hau sama. Ina biye da shi ya share wani ɗaki a hawa na biyu, ya shimfiɗa tabarma, ya rataya buhu a bakin ƙofa. Da yamma ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi wurin mai ginin, wata 'yar kasuwa da kuɗin siminti ya yanke mata, ya ce mata ɗansa ya zo karatu. Ta ce in zauna, kada dai a hura wuta a sama.

Da na tsaya a inda taga ya kamata ta kasance, sai ga teku shimfiɗe har iyakar gani, ga kwakwa uku suna rangaji. Hawa na biyu, kamar yadda na zaɓa a kalanda. Farin fenti da gilashi ne kawai Allah bai haɗa mini da su ba. Na yi dariya ni kaɗai har hawaye ya zo mini. Ranar Litinin na je na ba da kwatancen gidana da ƙarfin gwiwa, na ce gidan sama ne a bakin ruwa, ban ƙara bayani ba.

A ranar farko na yi kuskure, na tambayi Baffa nawa zan riƙa bayarwa. Ya juya ya dubi teku kamar bai ji ba, har na gane na yi ɓaranɓarama. Amma kullum in na dawo daga aiki bayan la'asar, sai mu hau can saman ginin, ya ɗora shayinsa da ya dafo a ƙasa, ya ce, "To, ɗan lakol, ba ni labarinta." Ni da ƙwaƙwalwata ta birni sai na ƙudurta cewa wannan shi ne kuɗin hayata.

Matsalar ita ce cikin kwana biyu labarin ya ƙare mini. Na san sunan kowace jijiya a jikin saniya da Faransanci, amma wannan da na sha nononta na girma ban taɓa tsayawa na dube ta da kyau ba. Sai na fara ƙari. Na ce ƙahonta na dama ne ya ɗan karye a baki.

"Na hagu," in ji shi. "Wurin rijiya ta karya shi, tana karsana. Kai dai ka san hanjin saniya, ba ka san huskarta ba."

Haka muka riƙa yi, ina ginawa yana gyarawa, rana tana nutsewa cikin ruwa, jiragen ruwa suna tsaye can nesa kamar ba za su taɓa motsawa ba. Ya ce shekarun nan duka bai saba da ƙarar teku ba sai da ya riƙa jin ta kamar garke ne ke tahowa gida daga nesa. Tun daga ranar ni ma haka nake jin ta. Da asuba ina duba naman shanun ƙasarmu da aka kwararo kudu don kada su mutu a hannu, ina buɗe tumbi ina tarar da yashi da tsumma. Da yamma kuma ina saman gini, jar saniya tana kiwo a bakina. Tsakanin waɗannan biyun na rayu mako shida, kuma ban taɓa jin daɗin wani masauki kamar wannan ba.

Wata Laraba ina fitowa daga aiki, wani mai koren shanu ɗan wajenmu ya tare ni a bakin ƙofa da saƙon mahaifina. Jar saniya ta kwanta a bakin rijiya, an taru an ɗaga ta ta kasa tsayawa. Mahaifina ya yanka ta don kada ta zama mushe, ya raba naman sadaka da sunan mai ita, bai ci ko tsoka ɗaya ba. Ya ce in gaya wa Baffa.

Ban gaya masa ba. Gaskiyar magana tsoro na ji. Saura mako shida in gama, kuma a lissafina saniya ce ta ba ni ɗakin nan, ga shi saniya ta tafi. Mutumin da ba shi da kome a duniya sai ita, in na ce masa ta mutu a hannunmu, da wane ido zan ci gaba da kwana a tabarmarsa? Da yamma ya ce in ba shi labarinta, na buɗe baki sai na ji ina cewa an ce an yi ruwa a wajenmu, ciyawa ta tsiro a gulbi. Kwana huɗu ina wannan. Ban taɓa ba da labari mai daɗi irin na kwanakin nan ba: na kai ta fadama, na shayar da ita, na mayar mata da tozonta. Baffa yana saurare ido a lumshe, ko sau ɗaya bai gyara mini ba.

A rana ta biyar na kasa. Na naɗe kayana tsaf na sa a jaka, na sauko da ita na ajiye a gindin matakala, sannan na hau na durƙusa a gabansa na faɗa masa kome, har da ƙaryar da na yi.

Ya zuba shayi ya miƙo mini. "Na jiya tun ran Laraba," in ji shi. "Wanda ya hwaɗa maka, nan ya biyo ya yi mani gaisuwa."

Na ce, "Baffa, to don me ka bar ni ina ta zuba?"

"Daɗin ji gare shi. Ga bakinka tana cin haki," in ji shi, yana nufin ciyawa.

Can ya leƙa ƙasa ta gefen ginin ya hango jakata.

"Waccan jikka hwa?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Na ga tunda ta mutu, ko zan nemi wani wurin."

Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci ba sai ranar. Amma bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ashe mai gidan haya ka ɗauke ni. Ɗana, ban ba ubanka saniya don in samu abin amsa ba. Na ba shi don in samu ƙohwar da zan yi sallama a ce mani shigo, shi ma ya samu tawa. Shekara goma sha ina gadin gidan da ba kowa ciki, sai da ka zo na samu wanda zan share ma ɗaki. Tahi ka maida jikkarka."

Na sauka na ɗauko ta. Matakalar nan ba ta da tsawo, amma na daɗe ban kai sama ba, domin kuka nake yi kamar yaron goye. Da na dawo ya ce in zauna, yau shi zai ba ni labarinta, tun daga ranar da aka haife ta.

Na gama sitaj ɗina lafiya, aka sa mini hannu a takarda. Ranar da zan taho ya raka ni tasha, ya zaro igiyar daga aljihu ya ba ni. Ya ce in kai wa mahaifina, in ce masa ya riƙa shafa mata mai kada ta bushe. Na tarar da mahaifina babu ko maraƙi a turke. Ya karɓi igiyar ya adana, kuma duk da man shanu ya zama abin nema a lokacin, kowace Juma'a sai ya lakato ya shafa mata.

Bayan damina biyu, ƙasa ta farfaɗo, ina aiki a Agiye na zo gida hutu. Wata safiya sai ga wani baƙo ya yi sallama yana jaye da jar karsana. Ya ce wani mai gadi ne a Kwatano ya aiko a saya a kasuwar Gidan Rumji a kawo, habbanaye ce. Mahaifina ya zagaya ta sau ɗaya, ya shiga ɗaki ya fito da igiyar. Daga ita garkenmu ya sake tashi. Baffa bai zo ya karɓe ta ba, kamar yadda bai karɓi ta farko ba. Can Allah ya yi masa cikawa, kusa da tekun da yake ji kamar garke.

Na yi yawo bayan nan, na kwana a ɗakuna masu fanka da gilashi, wasu ma sun fi na kalandar kyau. Ban tuna ko ɗaya ba. Wanda nake gani in na rufe ido shi ne mai buhu a bakin ƙofa, kuma har yau in na tuna jakar nan a gindin matakala sai kunya ta rufe ni sabuwa fil. Na tafi neman ɗaki mai araha, na tarar an riga an tanadar mini shi tun ina rarrafe, ni kuwa saura kaɗan in fita daga cikinsa da ƙafata don na kasa yarda akwai abin da ba haya ba. Yanzu akwai ɗaki a bayan gidana da ɗaliban da aka turo garinmu sitaj ke sauka. Duk wanda ya tambaye ni nawa ne, sai in juya in dubi bango kamar ban ji ba.

'Yar ƙanwar tawa dai har yanzu ba ta samu ɗaki ba. Na ce ta ajiye wayar tukuna, ta je ta tambayi uwarta ko akwai wanda muka sani a garin. Igiyar kuwa tana rataye a ɗakina tun rasuwar mahaifina. Ranar Juma'ar da ta wuce ma na shafa mata mai.